Jirginmu ya goge wani yaro a fili, mai unguwa ya ba mu zuwa Juma'a

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. Ni mai gyaran fanka ne a Sabon Garin Zariya. Shekara huɗu ke nan da na fara haɗa ƙananan jirage masu rimot da farin soson nan da ake cusawa a kwalin firji. Na farko ko motsi bai yi ba. Na biyu ya tashi, ya ɗaga hanci sama, ya faɗo, saboda nauyi ya rinjaya ta wutsiya. Sai a na uku na gane cewa ana ɗora fiffike a kan yatsu biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansa, a ga ya daidaita. Motar jirgin (wato injinsa) da farfela da rimot duk odarsu na yi, wata biyu ina jira, har maiɗakina ta daina tambaya. Yanzu mu tara ne, da ɗalibai da magidanta, kowace Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a wata gona da aka girbe ta hanyar Shika. Mai gonar ne ya yarje mana da rani. Da fartanya muka share wurin tashi da sauka.

To ranar Asabar wani daga cikinmu yana sauko da jirginsa, yara sun fi talatin a wurin, sai wani ɗan shekara bakwai ya ruga don ya riga kowa ɗauko jirgin. Fiffike ya buge shi a kafaɗa, farfela ta tsaga masa riga tun daga wuya. Alhamdulillahi ba jini. Mahaifinsa ya kai ƙara, mai unguwa ya ce mu kawo dokokinmu a rubuce kafin Juma'a ko mu tattara mu bar wurin. Naira 18,000 ce a asusunmu. Me zan rubuta, me za mu saya?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, gaskiya ɗaya ce, laifin ba na yaron ba ne, naku ne. Fili ba shi da iyaka, yaro ya san inda zai tsaya? Layi uku ake yi. Na farko gefen wurin sauka, nan matuƙa ke tsayawa, kuma jirgi ba ya taɓa ƙetare layin nan zuwa bayansu, ko me ya faru. Na biyu wurin haɗa jirage da ajiye kaya. Na uku can baya, 'yan kallo da babura, a ba su aƙalla mita 20 zuwa 30. Ku tsaya yadda rana za ta kasance a bayanku, tunda da yamma kuke tashi ku fuskanci gabas. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, jirgi kuma fuskantar iska yake yi wajen tashi da sauka, don haka ku duba yadda kuka shimfiɗa hanyar. Duk mai tuƙi ya kasance da mutum ɗaya a gefensa wanda ba ya kallon jirgi, fili yake kallo. Mai sauka ya ɗaga murya ya ce "sauka", kuma ba mai taka wurin sai an ce masa an kashe totur. A Amurka ƙungiyar masu irin waɗannan ƙananan jirage, AMA, wadda take tun 1936, ta hana a kusanci mutum da jirgi ƙasa da ƙafa 25. Ku fa?

Baban Khalifa:
Injiniya, muna da layi, da toka muke zana shi. Kuma yaran ba mu muka kira su ba.

Maman Ilham:
Toka? Baban Khalifa, ko igiya ce yaranmu ƙarƙashinta za su bi. Ni abin da ya fi sosa min rai, kowa sai ya ce "Alhamdulillahi ba jini" a wuce wurin. Bara a wani biki a layinmu masu wasa da babur suka take ƙafar ɗana, har yau yana ɗingishi idan sanyi ya shigo, ko sannu ba wanda ya zo ya yi mana. Kun je gidan yaron nan kuwa? Ku je da sabuwar riga. Sannan ku zaɓi manyan yara uku ku ba su aikin tsare ƙanana, ku yi masu alkawarin koya masu tuƙi. Yaro ya fi jin tsoron yayansa a kan igiya.

Injiniya:
Hajiya, ba a ɗora wa yaro tsaron rai. Babba ne zai tsaya, da turaku da igiya mai launi. Kuɗinsu zai isa.

Mai Gyaran Waya:
Ni batir ne damuwata. Wani ya taɓa kawo min irin batirin nan na LiPo da ake sa wa jiragen nan, ya kumbura kamar burodi, ya ce in yi masa caji. Da na ƙi har zagina ya yi, ya ce ban san aikina ba, alhali shekarata goma sha ɗaya a bakin teburin nan. Kowane sel, wato ɓangare ɗaya na cikin batirin, ba ya wuce bolt 4.2, in za a ajiye a bar shi wajen 3.8. Wanda ya kumbura ko ya bugu a faɗuwa a ware shi gefe. Ku a gona kuke, ga karan dawa busasshe ko'ina. Ku sayi bokitin ƙarfe ku cika da yashi, da akwatin magani mai bandeji, kafin ku yi zancen rumfa. Kuma kada a yi caji a cikin mota.

Baban Khalifa:
A gida muke caji, ba mu taɓa samun gobara ba. Ni dai abin da zan kai wa mai unguwa nake so.

Ɗan Samaru:
Yallabai, akwai abin da ba ka faɗa ba. Nisan gonar nan da filin jirgin kwalejin horas da matuƙa da ke Palladan nawa ne? Duk wanda ke zaune a Samaru ya san yadda jiragen ɗalibai ke shawagi ƙasa-ƙasa. Kuna da izini?

Injiniya:
Yawwa, nan ne gizo ke saƙar. Kwalejin nan tun 1964 take, sararin Zariya ba kamar na kowane gari ba ne. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ku rubuta takarda ku nemi bayani, ku sa a dokarku ba mai wuce mita 120 a sama, kuma da an ji ƙarar jirgin gaske kowa ya sauko. Ku ƙara da wannan: rimot ake fara kunnawa kafin a jona batir, a saita jirgi ya kashe motarsa da kansa idan sigina ta yanke, kuma duk mai gyara ya cire farfela tukuna.

Malam na Tudun Wada:
Ni a ganina kada ku tono abin da ya fi ƙarfinku. Magana tana hannun mai unguwa, ku kashe ta a can. Ku samu dattijo ya raka ku. Mu ma haka aka raba mu da filin ƙwallonmu, daga kai takarda sai muka ga an zuba bulo.

Injiniya:
Malam, wannan shawarar ce za ta jefa su a rami.

Baban Khalifa:
Na gode duka. Amma jiragenmu soso ne, ko kilo ɗaya ba su kai ba, kuma babu kyamara. Ban ga abin da ya haɗa mu da Abuja ba. Igiya da bokitin yashi zan saya gobe in sha Allahu. Mai kallon fili kuma zai yi wuya, kowa tuƙi yake zuwa yi, wani daga Kongo yake tahowa.

Injiniya:
Farfelar jirgin soso tana datse yatsa. Kuma har yanzu ba ka faɗi nisan ba.

Maman Ilham:
Ni ma ba ka amsa min ba. Kun je gidan yaron?

Baban Khalifa:
Wanda jirginsa ya buge shi ya kashe wayarsa tun jiya. Akwai mai samfurin irin takardar nan da zai turo min kafin Alhamis?