Wai da gaske ne sunan Kamaru daga jatan landen cikin rami ya samo asali?

Sani_Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya amma don Allah kar a yi min dariya. Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake kaiwa Duwala, duk zuwa kuma a New Bell nake sauka wajen 'yan uwa. To wancan zuwan muna tsallaka gadar Bonaberi sai direban da ke ɗaukar mana kaya, ɗan asalin garin ne, ya nuna min kogin Wouri ya ce wai wannan ruwan shi ya raɗa wa ƙasarsu suna, wai akwai wani jatan lande da ke zaune cikin rami a ƙarƙashin laka, ba a ganinsa sam sai bayan shekaru ya fito gaba ɗaya don barbara har ruwan ya cika fal da shi. Ni dai jatan landen da na sani shi ne busasshen nan da uwargida ke dakawa a miya, ban taɓa jin mai haƙa rami kaman gafiya ba. Gaskiya ne ko mutumin ya ga baƙo ne ya shirga min? Kuma in a rami kowa yake shi kaɗai, ta yaya namiji ke samun macen?

Baba_NewBell:
Wa alaikumus salam ɗana Sani. Direbanka bai yi maka ƙarya ba. Ni a nan aka haife ni, mahaifinmu fataucin goro ya kawo shi, kuma abin nan na gan shi da idona. Mutanen Duwala mbeatoe suke ce masa. Fari ne sol, jikinsa laushi tuɓus ba kaman jatan landen kasuwa mai ɓawo ƙarau ba, tsawonsa kaman ɗan yatsa zuwa tafin hannu, kana iya hango kayan cikinsa ta fatar. Sai a yi shekara uku, huɗu har biyar ba a ga ko ɗaya ba, sannan rana tsaka ka ji gari ya ɗauka wai sun fito. Lokacin ina yaro na ga mutane na shiga ruwa da kwanduna suna kwasa kaman ana kwasar fara, a cika kwalekwale a dawo. Maƙwabciyarmu ta aiko mana da kwano guda, ni da haɗama na ɗauki wani babba mai ƙaton hannu na tauna, wallahi maƙogwarona ya dinga ƙaiƙayi kaman na ci ɗanyen gwaza, ina ta kakari tana ta dariya. Ashe namiji na ɗauka. Su macen suke ci dukanta, namijin kuwa matse bayansa ake yi a fitar da mai.

Batun suna kuma haka yake. Turawan Fotugal da suka iso bakin kogin a 1472 sun tarar da shi cike da abin, suka sa masa Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande a yarensu. Daga nan Jamusawa suka mai da shi Kamerun, Faransawa da Ingilishi kowa ya lanƙwasa yadda harshensa zai iya, mu kuma muka ce Kamaru.

Malama_Bayoloji:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ka gama rabin aikin. Malam Sani bari in ɗora daga inda ya tsaya, don tambayarka ta ƙarshe ita ce ainihin wajen da abin yake da daɗi.

Sunansa a littafi Lepidophthalmus turneranus, ana samunsa daga Togo har Kongo a wuraren da kogi ke haɗuwa da teku, kenan bakin ruwanmu na kudancin Najeriya ma yana ciki. Kuma duk da ana ce masa jatan lande, ba danginsu ɗaya da na miyar uwargida ba, ya fi kusa da su ƙaguwa. Danginsa suna da yawa a duniya kuma dukkansu rayuwar rami suke. Ɓawon ya yi laushi ne don ba ya buƙatar sulke, ramin shi ne sulkensa. Lakar da yake haƙa ita ce abincinsa, yana tace ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ke ciki ya turo sauran waje, shi ya sa in ruwa ya janye za ka ga 'yan tsibi tsibi kaman na tururuwa da huji a tsakiya. A ƙarƙashin cikinsa akwai wasu 'yan filafilai da yake kaɗawa kaman mafici suna jawo sabon ruwa cikin ramin, kuma ko iskar da ke ruwan ta yi ƙaranci yana iya jurewa na kwanaki, abin da zai kashe kifi cikin ɗan lokaci. Masu bincike in suna son ganin siffar ramin wani ruwan roba suke ɗurawa a hujin, in ya daskare su tono shi, sai ka ga abu kaman saiwar bishiya, ga rassa ga 'yan ɗakuna inda yake juyawa, na wasu irin zurfinsa ya haura mita 2.

To barbarar. Mafi yawan irinsu a can ƙasa suke yi cikin duhu, shi ya sa ko masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan su kaɗan ne suka taɓa gani ido da ido. Ramukan suna kusa da juna sosai, namiji yakan fasa ta gefe ya riski na macen. Shi namijin hannunsa ɗaya ƙato ne kaman awartaki, a wani irin da ke Amurka hannun kaɗai yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, da shi yake faɗa da sauran maza. Ba wai shiga jikinta yake ba, ɗan ƙunshin maniyyi yake manna mata a ƙasan ƙirji, in ta saki ƙwan sai su haɗu a waje, ta liƙe su a filafilan nan na cikinta ta yi ta yi musu fifita har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kuwa ba sa zama a ramin uwa, ruwa ne ke tafiya da su suna yawo a teku, na Amurkan nan sati shida zuwa takwas suke yi suna saɓa suna canja kama, kafin igiyar ruwa ta dawo da su bakin gaɓa kowa ya haƙa nasa.

Na Kamaru shi ne ya fita zakka, don shi a waje yake barbararsa, dukkansu su bar ramuka lokaci guda. Abin da Baba ya gani ana kwasa da kwando, taron biki ne aka tarwatsa musu.

Abu_Ammar:
Ni tambayata ɗaya, ya halatta a ci abin nan kuwa? Don yadda Baba ya kwatanta shi ni kaman kunama nake gani.

Baba_NewBell:
Abu Ammar ai mu Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ayar Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. Hanafawa ne ke da magana a kan abin da ba kifi ba. Ka ci abinka, macen dai.

Injiniya_Seattle:
Malama sannu da ƙoƙari, na Amurkan da kike faɗa a jiharmu yake, Washington, kuma nan ba biki ake da shi ba, masifa ne wa masu kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci. Akwai wani wuri Willapa Bay da ake noman kawa sosai, ita kawa a saman laka take kwanciya, to in jatan landen nan suka yi yawa suka rarake ƙasan sai lakar ta koma kaman kunu, kawar ta nutse ta mutu. Tun shekarun 1960 suke fesa musu maganin ƙwari har aka zo aka dakatar da wancan, suka nemi a ba su izinin wani sabo, a 2018 hukumar muhalli ta jihar ta ce a'a don zai kashe wasu halittun da ba ruwansu. Har yau rigimar ba ta mutu ba. Na taɓa bin wani abokin aikina kamun kifi, ya zo da wani bututu kaman famfon keke amma ƙato, ya kafa a kan huji ya zuƙo lakar ya watsar, sai ga su biyu uku suna motsi a hankali kaman waɗanda aka tasa daga barci, da su ake yin tarkon ƙugiya. Ni garin kallo na taka inda suka rarake na nutse har gwiwa, takalmina ɗaya yana can har yanzu. Kuma abin mamaki manyan kifayen nan whale masu ruwan toka duk bazara wasu sukan ratso ta nan kusa da mu su zo wuri mara zurfi su dinga zuƙar laka don su ci abin nan, dabba kaman tirela tana kiwo a kan abin da bai wuce yatsa ba.

Malama_Bayoloji:
Injiniya Allah ya mayar da alheri kan takalmi. Tunda an zo nan bari in ƙara wani ɗan rami da ya fi burge ni, shi kuma jatan lande ne na gaske, Alpheus, mai bindiga. Yawanci bai wuce santimita 5 ba amma in ya datse ƙaton hannunsa sai ka ji ƙara tas, sai a shekarar 2000 ne masu bincike a jami'ar Twente ta Holan suka ɗauka da kyamara mai sauri suka nuna ba haɗuwar hannun ke ƙarar ba, kumfa ce ke fita ta fashe, kuma ita ke sumar da abin da zai ci. Da yawansu mace da namiji ne ke zama rami ɗaya su biyu rak, dalili kuwa macen ba ta karɓar namiji sai ta yi saɓa jikinta na da laushi, kuma 'yan awowi ne kawai, to in ya tafi yawo ya dawo ya tarar an rufe kasuwa, gara ya zauna ya yi ta gadi. Wasunsu har ɗan haya suke ajiyewa, wani ƙaramin kifi goby, shi jatan landen ba ya gani sosai sai ya ɗora gashin bakinsa a jikin kifin yana kwasar yashi, da kifin ya hango haɗari ya kaɗa wutsiya sai duk su faɗa rami.

Sani_Kwari:
Ikon Allah. Na gode Baba, na gode Malama, zan nemi afuwar direban nan don a raina na riga na sa shi cikin maƙaryata. Amma Malama labarin mai mata ɗaya ɗin nan a bar shi a nan kar ya isa gidana, akwai maganar da nake ta lallaɓawa tun bayan sallah. Baba don Allah duk ranar da suka fito ka sa a kira ni, ko ina Kano zan hau mota.

Baba_NewBell:
In Allah ya kai mu. Ka taho da kwandonka, nawa ya tsufa.