Gwajin dalma a jinin yara: sakamakon yatsa ya ƙi daidaita da na jijiya

Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu ne kan gubar dalma a jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5, a wani ƙauye da ke yankin Anka a Zamfara, yankin da gubar ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 saboda niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Wata biyu ke nan abu ɗaya ya tsaya min a wuya.

Ina tsaga yatsa in auna da ƙaramar na'urar tafi-da-gidanka, sannan in ɗebi jinin jijiya in aika ɗakin gwaji. Na yatsa kullum ya fi yawa. Akwai yarinyar da na'ura ta ba ni microgram 38 na dalma a kowane desilita na jini, na jijiya ya dawo 14. Tazarar ba wasa ba ce, tunda daga 45 ake fara maganar ba da maganin cire dalma.

Na zargi ƙura mai dalma da ke hannun yaran. Na sa ana wanke hannun yaran da sabulu, ina goge ɗigon farko da auduga, ina canza safar hannu ga kowane yaro, har na bar tabarma na koma kan tebur a zaure. Ya ɗan ragu, amma bai tafi ba. Wasu yaran ƙasa ta riga ta shige ƙarƙashin farcensu, wanki ɗaya ba ya fitar da ita. Ga zafi, da azahar zauren ya wuce digiri 40, na'urar ma tana shan wannan zafin.

Ga waɗanda suka taɓa wannan aiki a karkara: ta yaya zan gane ko ƙurar hannu ce ke ɓata sakamakon ko zafin da na'urar ke sha? Na gode.