Neman kalma: me za mu kira "rating" na gidajen rediyo?

Mai fassarar labarai, Katsina:
Salamu alaikum. Kalmar nan "rating" da kamfanonin talla ke tambaya kafin su sayi lokaci a gidan rediyo har yau ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Wani ya rubuta farin jini, wani matsayi, wani yawan masu saurare, wani kuma ya bar ta da Turancinta. Tana tafe da 'yan rakiya biyu, "share" da "reach". A taimaka mu tsayar da magana ɗaya.

Ma'aikaciyar sashen talla, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. A cire farin jini tun yanzu, don ba a sa masa lamba. Shiri na iya cika da kira har layi ya cushe, alhali mutum talatin ne ke ta bugowa kullum, 'yan ƙungiyar gaishe-gaishe da kowa ya haddace muryarsu. Mai kawo tallar taki ko siminti ba ya biya a kan wannan. Matsayi kuma jeri ne kawai, na ɗaya, na biyu, na uku. Sai an gama lissafi yake fitowa.

Mai binciken kasuwa, Daura:
Hajiya ta yi gaskiya. Kafin a raɗa suna bari a ga jaririn. Ana yanka yini ne kwata-kwata, minti 15 kowanne. Daga shida na safe zuwa sha biyun dare kwata 72 ke nan, a mako 504. A tsohuwar ƙa'idar takardar saurare, wadda mutum ke rubuta tashar da ya ji a cikinta, wanda ya yi minti biyar a tasha cikin kwata ɗaya an ƙirga shi.

Ga misali na ƙirƙira don lissafi. Gari mai manya 200,000. Ƙarfe bakwai na safe mutum 40,000 sun kunna rediyo, 10,000 daga cikinsu suna kan tasharka. Ka raba 10,000 da mutanen gari duka, ka samu 5 cikin 100. Wannan shi ne "rating". Ka raba 10,000 ɗin da waɗanda suka kunna kawai, ka samu 25 cikin 100. Wannan shi ne "share". To a koma sha ɗayan dare: mutum 4,000 ne a farke da rediyo, 2,000 na wurinka. Na farkon ya faɗo zuwa 1, na biyun ya haura zuwa 50. Tasha sai ta buga ganga ta ce rabin gari na tare da ita, alhali rabin waɗanda ba su yi barci ba ne.

A nan kuɗi ke zurarewa. In talla ta safe naira 20,000 ce, kowane mutum dubu ya tashi a 2,000. In ta dare 8,000 ce, dubu ya tashi a 4,000. Mai arhar ita ce mai tsadar. Saboda haka duk kalmar da za ta haɗe biyun nan wuri ɗaya ban yarda da ita ba.

Malamin koyar da aikin jarida:
Ni na so ma'aunin saurare, amma da na sake dubawa, ma'auni shi ne tiyar, ba hatsin da ta ɗebo ba. Zai fi dacewa da ƙaramar na'urar nan da Arbitron, kamfanin ƙidayar masu saurare, ya fito da ita a Amurka, wadda mutum ke yawo da ita tana tsintar wata ɓoyayyar alama a cikin sautin tasha. Nielsen ya saye kamfanin a 2013. Shawarata awon saurare.

Tsohon mai gabatar da shirye-shirye:
Allah gafarta Malam, awo ya yi wa Bahaushe yawa. Akwai awon hatsi, akwai awon ciki a asibiti, ga kuma awon gaba da ɓarawo ke yi da akuya. Ba ƙinsa na yi ba. Sai dai shi awo aiki ne, ba sakamako ba. Ka ce "awonmu biyar ne", kunne bai kama ba.

Ma'aikaciyar sashen talla:
Baba, ai ka warware ta ba ka sani ba. A bar awon saurare ya zama sunan aikin gaba ɗaya, daga raba takardu har fitar da rahoto. Lambar farko a kira ta makin saurare: shirin safe ya ci maki 5. Ta biyu kason saurare: kasonsa 25. Kaso dama rabo ne tsakanin waɗanda suka zauna a faifai ɗaya, wato tashoshi na raba masu sauraren da ke akwai. Maki kuma kowa ya san shi daga makaranta da ƙwallo, kuma masu sayen talla dama tara su suke yi: talla goma a shiri mai maki 5, maki 50 ke nan.

Mai binciken kasuwa, Daura:
Na karɓa. Amma a san cewa maki ba ya fin awon da ya haife shi kyau, kuma a ƙasarmu awon na da ramuka.

Takardar mako da ake cikewa da hannu, irin wadda RAJAR, hukumar awon sauraren rediyo, ta daɗe tana amfani da ita a Birtaniya tun kafa ta a 1992, ta ɗauka kowa na karatun boko. A ƙauyukan Zango ko Ɓaure dole a tura mai tambaya ya zauna da mutum ya ce jiya me ka ji, da wane lokaci. Mutane kuwa sunan shiri da mai gabatarwa suke riƙewa, ba sunan tasha ba. Wanda ya ji sashen Hausa na BBC ko DW ta bakin wata tashar FM ta gida zai ce maka BBC ya saurara, sai makin ya tafi Landan, tashar da ta ƙona man dizal ta tashi a tutar babu. Maganinsa a tambayi lambar da ya murɗo, ko a nuna masa a jikin wayarsa.

Sai teburin mai shayi: rediyo ɗaya rataye a ƙusa, mutum goma sha biyu na saurare. In akwatuna aka ƙirga, an yi asarar sha ɗaya. Sai matan cikin gida, waɗanda su ne ke tare da rediyo tun daga wanke-wanke har girkin rana. In ba mace aka tura ba, mai gida ne zai amsa a zaure da abin da shi yake ji. Tambaya ta saƙon waya kuma masu waya da kati kaɗai take kamawa. Lokaci ma na ruɗi: awon da aka yi cikin azumi tafsiri zai cinye shi, na damina zai tarar da manoma a gona. Kuma a Jibiya ko Mai'aduwa, jerin tashoshin da babu na Nijar a ciki guntu ne.

Yawan mutanen da aka tambaya: 400 na ba da kuskuren da zai iya kai maki biyar sama ko ƙasa, 1,000 kimanin uku. Idan aka yanka 400 ɗin gida-gida, maza da mata, birni da ƙauye, abin da ya rage bai isa a ce wannan tasha ta fi waccan da maki ɗaya ba.

Mai fassarar labarai:
Madalla. An samu awon saurare, makin saurare, kason saurare. Saura "reach".

Malamin koyar da aikin jarida:
Kada dai a taɓa zango. Ya riga ya zama na injiniyoyi: gajeren zango, matsakaicin zango, tasha mai cin dogon zango. Wancan inda murya ke kaiwa ne. Wannan kuwa mutum nawa ne daban-daban suka ratsa tashar cikin mako, kowa sau ɗaya, ko da kullum yana nan. Jimilla ma ba ta yi ba, mai lissafi zai tara na Litinin da na Talata ya ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Ina ganin ƙidayar kai ta mako.

Tsohon mai gabatar da shirye-shirye:
Ƙidayar kai ta yi kama da ta jangali, amma tana faɗin abin da ake nufi. A sa ta a rahoto a ga ko masu talla za su ɗauka. Abu ɗaya dai, Malam mai fassara: in takardar za ta wuce Kano, wasu za su mayar da ita makin sauraro. Ka bar su, duka biyun Hausa ne, kada dai ka cakuɗa su a shafi ɗaya.