Ina so kiran Hajiya ya riƙa biyo ni Illela ko an ɗauke wuta

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum. Yayana da ke Amurka ya aiko mana da ƙaramin akwatin waya na intanet, Grandstream HT801, da lambar can a kansa, don Hajiyarmu ta riƙa jin muryar jikoki da wayar tebur, tunda ba ta son mai shafawa. Idan zan fita kasuwa ina danna *72 da lambata, kira ya dawo wayar hannuna, in na dawo in danna *73. Damuwata biyu ce. Da an ɗauke wuta turawar ta mutu, mai kira sai ya ji layi a kashe. Sannan in ina Illela na manta ban tura ba, ba yadda zan yi, Hajiya kuma ba ta ganin lambobi sosai. Akwai hanyar da zan buga lambar turawar daga nesa?

Mai Gyara, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Akwatin ne ke riƙe *72 ɗin a cikinsa, ba ya miƙa ta ga kamfanin layin, shi ya sa wuta na tafiya komai ya tsaya. Ɗaga kan wayar ka danna *** (tauraro sau uku) sannan 02, zai karanto maka adireshinsa na IP. Rubuta shi a burauza, ka shiga shafin FXS PORT, ka mayar da Enable Call Features zuwa No. Ka duba Dial Plan, lallai a samu *x+ a ciki, in ba haka ba lambar da ta fara da tauraro ba za ta fita ba. Daga nan kamfanin ne zai riƙe turawar, ko akwatin na kashe kira zai same ka. Amma ka tambayi Yaya lambar da kamfanin nasa ke karɓa, ba duka ke aiki da *72 ba.

Malamin Kwamfuta, Arkilla:
Batun nesa kuwa, ba sai ka taɓa akwatin ba. Sa manhajar kiran intanet irin Zoiper ko Linphone a wayarka da bayanan asusun nan, ka buga lambar turawar daga can, ka gama ka rufe manhajar, don wasu kamfanonin in na'ura biyu suka hau asusu ɗaya, wadda ta hau ƙarshe ce ke karɓar kira, sai wayar Hajiya ta yi shiru. Ko Yaya ya ba ka izinin shiga shafin asusun, nan ma ana kunna turawa. Kuma don Allah kada wani ya sa ka buɗe shafin akwatin ga duniya. Ɓarayin layi suna neman irinsu dare da rana, su cinye kuɗin Yaya da kiran ƙasashen waje. Canza kalmar sirrin da ya zo da ita yau ɗin nan.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri. To zan iya duba kuɗin layin da ke cikin rawutar gida da *310# ta wannan hanyar?

Mai Gyara:
A'a ɗan'uwa. *310# da *323# na layin sim ne, ba sa bi ta wayar intanet. Rawutoci da yawa suna da wurin buga su a shafinsu, ka duba naka. Ka kuma lura, kowane kira da aka turo lambarka ta Najeriya, daga asusun Yaya ake cirar kuɗinsa, ka sanar da shi kafin ka kunna.