Malamin Ingilishinmu zai dawo, wa ya taɓa sake buɗe aji bayan an watse?

Mai kwas ɗin dare: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna da ɗan aji na Ingilishi nan Maradi, ni da wani abokina ɗan Katsina, shi ke koyar da hira ni ina nahawu, har fim mukan kalla da yara ranar Asabar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, ya tafi gida ganin iyalinshi bai samu dawowa ba, ajin ya mutu. An buɗe iyakar tun Maris 2024 amma sai yanzu ya ce zai dawo. Wallahi ina murna amma gabana na faɗuwa, wanda ya ga irin wannan ya ba mu labari.

Tsohuwar ɗaliba: Malam ka tuna min abin da ya daɗe yana cina. Ina yarinya akwai wata baturiya 'yar Peace Corps (Amurkawa masu aikin sa kai) garinmu, ta iya Hausa har da karin magana, ita ta fara koya min gaisuwa da Ingilishi bisa tabarma. Janairun 2011 da aka sace wasu Faransawa biyu a Yamai sai aka kwashe 'yan Peace Corps duka daga ƙasar, mutanen da ke zuwa tun 1962, ko sallama ta kirki ba mu yi ba, ta bar littattafanta cikin kwali wurin mai gari. Har yau ba su dawo ba. Naka tunda zai dawo ka riƙe shi hannu biyu.

Mushe (malamin makaranta) daga Madarunfa: Ƙanena, ni na sake buɗe nawa, kuma abin da ban zata ba shi ne ba malami ne ke wuyar samu ba, ɗaliban ne. Wasu sun yi aure, wasu sun shiga kabu-kabu, wanda ya rage kuma harshen ya yi nauyi, sai da na koma baya kusan daga farko duk da sun ji kunya. Iyayen mata kuwa cewa suka yi dare a'a, dole na maida ajin bayan la'asar, kuma gaskiya suna da hujja, kowa ya san halin da yankinmu ke ciki da 'yan bindiga.

Ɗan kasuwa: Ka ce mishi kar ya bi hanyar Jibiya da Ɗan Issa da yamma, ya taso da safe, takardunshi cikakku. In ya iso ku je tare ku gaida mai unguwa a san da shi.

Mai kwas ɗin dare: Na gode sosai. Yaya mushe, da ka koma baya, masu shirin Bak (jarrabawar gama sakandare) ka haɗa su da sababbi ko aji daban ka yi musu?

Mushe daga Madarunfa: Daban, in ka haɗa su manyan za su gudu, ni uku na rasa haka kafin in gane.