Yaya ake rage ƙarar baka mai gargare domin farautar barewa?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ƙanena da ke zaune a jihar Missouri ta Amurka ya aiko mini da bakan zamani mai gargare biyu, wato 'yan ƙafafu masu juyawa da tsirkiya ke bi ta kansu, wanda ƙarfin jansa fam 60 ne, domin in riƙa gwada hannu a nan Sakkwato kafin in ziyarce shi lokacin da ake buɗe farautar barewarsu mai farar wutsiya da baka, ranar 15 ga Satumba. Ina atisaye a wani fili da ke hanyar Wamakko, kuma saitina bai yi laifi ba, amma duk sa'ad da na saki tsirkiya sai bakan ya ce fau, sannan wata karkarwa ta biyo baya har cikin tafin hannuna. Kibiyoyin da suka zo tare da shi marasa nauyi ne, kowace ba ta wuce giram 20 ba. Me ya kamata in saya, ko kuwa me ya kamata in gyara?

Injiniya Arkilla:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko kwabo, ka fara da kibiyar. Ƙarfin da ka tara a hannuwan baka sa'ad da ka ja, dole ne ya sami inda zai tafi. Abin da kibiya ta iya ɗauka ya tafi da ita, wanda ya rage kuma shi ne yake komawa ƙara da girgiza a tsirkiya da jikin bakan. Ƙa'idar masu ƙera irin wannan baka ita ce kada nauyin kibiya ya gaza giren 5 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne) ga kowane fam na ƙarfin ja, wato giren 300 a naka, kimanin giram 19 da rabi. Ka ga ke nan kana bakin iyaka. Idan ka koma kibiya mai giram 28 zuwa 31, kunnenka da kansa zai shaida bambancin tun harbin farko. Gudun zai ragu, kibiyar za ta fi saurin sauka, saboda haka sai ka sake daidaita abin saiti, kuma ka tabbata taurin sandar kibiyar ya dace da ƙarfin bakan, musamman idan tsinin ka ƙara wa nauyi.

Bayan wannan sai ka ɗauki alanki ka bi kowane ƙaramin noti: na abin saiti, na mazaunin kibiya, da na kwarin da ake maƙala wa bakan. Ka riƙe bakan ka buga masa gefen hannunka a hankali, duk abin da ya ce ƙar-ƙar to shi ne mai laifin. Manyan notuna biyu da ke riƙe hannuwan bakan kuwa aikinsu daban ne, domin da su ake ƙara ko rage ƙarfin ja, kuma wajibi ne su kasance a juyi ɗaya.

Sai dai ka sani cewa babu gyaran da zai sa kibiya ta riga ƙara isa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kibiyar farauta kuwa tana tsakanin mita 80 zuwa 90. A tazarar mita 30 ƙarar za ta isa kunnen barewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, alhali kibiyar tana bukatar fiye da sulusin daƙiƙa. A wannan ɗan tsakani ne barewar take durƙusawa domin ta zabura, kibiya ta wuce ta saman bayanta.

Baba Mai Kwari:

Ɗana, Injiniya ya yi maka lissafi, ni kuma bari in ƙara da abin da daji ya koya mana, ko da yake mu da bakan itace da kibiyar kyauro muka tashi. Ƙarar da ta fi korar nama sau da yawa tana zuwa ne tun kafin a saki tsirkiya: kibiya ta goga a mazauninta lokacin ja, ko hannun riga ya yi kwaram, ko kwari ya bugi reshe. Ka je wurin dukawa ka nemi ƙyallen jar fatar akuya mai laushi, ka yanka, ka manna a mazaunin kibiya da kuma gefen da take iya taɓawa idan ta zame. Ka ja bakan da asuba sa'ad da unguwa ta yi tsit, ka saurara da kyau. Sannan ka koyi haƙurin bari nama ya matso, domin dabbar da ke kiwo hankali kwance a mita 15 zuwa 20 ba ta cika tsallake kibiya ba, amma wadda ta riga ta ɗaga kai ta miƙe kunne, ko bakanka bai yi motsi ba tana shirye da gudu. Kuma kada ka kuskura ka sa kyauro a wannan bakan naka, tarwatsewa zai yi a hannunka.

Malam na Runjin Sambo:

Ban yarda a yi watsi da kayan kashe ƙara ba, domin suna aiki, kuma ba su da tsada. Akwai siraran zaren roba da ake ɗaure wa tsirkiya a sama da ƙasa, kusa da gargaren, waɗanda ke shanye kaɗawarta. Wasu kuma suna amfani da tuntun zaren ulu. Irin wanda ake ɗaurawa daga waje shi ya fi dacewa da kai, tun da wanda ake cusawa tsakanin silin tsirkiya yana bukatar injin matse baka, kuma ba aikin da mutum zai yi da dabarar kansa ba ne. Akwai kuma robar da ake sa wa hannuwan baka, irin ta LimbSaver, da sandar da ke tare tsirkiya bayan harbi. Idan bakanka yana da wannan sandar, ka duba cewa robar bakinta tana dab da tsirkiya, kuma ba ta tsage ba.

Wannan tsagewar ce ma ta sa na yi magana, saboda yanayinmu ba na Missouri ba ne. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da roba, yana kuma sa tsirkiya ta miƙe idan aka bar baka a cikin mota, daga nan gargaren biyu su daina juyawa tare, ƙara ta ƙaru. Ka riƙa shafa wa tsirkiya kakin da aka yi dominta, ban da wuraren da aka naɗe da zare, kuma a lokacin hunturu ka share ƙurar gargaren da busasshen burushi maimakon ka ɗiga musu man inji.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba robar sandar, kuma lallai akwai tazarar da yatsa zai shiga tsakaninta da tsirkiya. Injiniya, idan na koma kibiya mai giram 30, shin tsinin atisaye da tsinin farauta dole ne nauyinsu ya zama ɗaya?

Injiniya Arkilla:

Dole ne, Malam. Idan na farautar giren 125 ne, na atisayen ma ya zama giren 125, kuma kafin ka shiga daji ka harba na farautar kansa a abin bara, domin faɗin wuƙaƙensa yana iya karkatar da kibiya ko da nauyin ya yi daidai.