Yaya kuke tafiyar da aikin dabbobin gida idan hunturu ya kankama?

Sabon Mai Kiwo, Dakace

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabata a harkar kiwon gida. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kula da dabbobin gidan ta dawo hannuna, ga shi kuwa ni ma'aikaci ne mai fita tun da safe. Abin da ke turke shi ne saniya bunaji mai shayarwa da maraƙinta, da 'yan tumaki 'yankasa, da jajayen awaki, sai kajin iyayenmu mata. Tun da iskar hunturu ta taso a ƙarshen Nuwamba na lura ƙananan awakin suna tari da majina, saniyar ta rage nono, harawar da muka ɗora a kan rumfa kuma tana tafiya da saurin da ya fara ba ni tsoro. Shin ya dace a riƙa hura musu wuta da dare? Kuma wace dabara kuke yi abincin ya kai ku damina?

Dattijon Basawa

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Tambayarka ta biyu ita ce babba, domin a iya sanina yunwa ta fi ɗari kashe dabba a ƙasar Zazzau, sai dai ba ta nuna kanta a Disamba, tana jira ne sai bazara. Ruwan sama yakan ɗauke mana a Oktoba, ciyawar da dabba za ta ƙoshi da ita kuwa ba ta samuwa sai wajen Yuni, saboda haka abin da ke kan rumfarka na kusan wata shida ne nan gaba, ba na sanyin nan kaɗai ba.

Ka hau rumfar ka ƙirga damman harawar, ka ware ta wake daban, ta gyaɗa daban, sannan ka raba su bisa watannin da suka rage, kana ajiye kaso mafi tsoka domin Maris da Afrilu, lokacin da farashinta yake tashi a kasuwa kuma jeji ya zama fayau. A yanzu da gonaki ke da sauran kara da ganye bayan girbi, a bar tumaki da awaki su yi kiwo da rana tare da yaro mai hankali wanda ba zai bari su faɗa wa masu noman rani a fadamar Galma ba. Harawa kuwa ba ta kowa ba ce: ta mai shayarwa ce, da mai ciki, da wanda ake turkewa domin Babbar Sallah. Bunsuru da ragon da ba sa aikin komai su ci kara.

Shi ma karan dawa akwai yadda ake ba da shi. Idan aka watsa shi a ƙasa da tsawonsa, sai su tsince ganyen su tattake sauran, rabi ya tafi a banza. A daddatsa shi ƙanana da adda, a zuba a komi, a yayyafa masa ruwan kanwa kaɗan ko a barbaɗa dusa, za ka ga sun cinye har guntayen. Saniyar a ƙara mata angurya ko ƙuliƙuli a cikin dusar yamma. Idan akwai gawo kusa da ku, duk da cewa ba shi da yawa a nan kamar ƙasar Kano, a sa yara su tsinto 'ya'yansa, domin shi itace ne da yake ganye da 'ya'ya da rani, lokacin da sauran suka bushe.

Uwargida, Wusasa

Malam, tun da kai mai fita aiki ne, mafi yawan hidimar za ta faɗa wa matan gidan da yara, don haka ka tsara ta yadda za su iya. A gidanmu ba ma kwance dabbobi da asuba idan ana busa ɗari. Bayan sallah ana share turke, a tara kashin a gefe guda, a zuba musu ɗan abin da za su taɓa, amma ba a fitar da su sai hantsi ya dubi ludayi. Ruwan da ya kwana a waje cikin bokiti ba sa shansa sosai saboda sanyinsa, dabbar da take cin busasshen abinci kuma ba ta shan ruwa ita ce take ramewa, nononta ya ja baya. Muna ba su wanda aka jawo daga rijiya a lokacin, wanda yake da ɗan ɗumi, mu haɗa da ƙasarin da aka wanke tsaki ko surfe. Ina kyautata zaton wannan kaɗai zai gyara nonon saniyarku.

Game da wuta, mu muna hura ɗan garwashi a tsohon kasko saboda jariran awaki, amma sai babba yana wurin, kuma a kashe kafin a kwanta.

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi, Samaru

Da izinin Uwargida, ni ba na ba da shawarar wuta ko kaɗan. Turken da aka kewaye da zana, ga harawa a sama, ga iska mai ƙarfi, tartsatsi guda ya isa ya cinye abincin shekara har ya tsallaka ɗakunan kwana, kuma hayaƙin yana ƙara wa mai tari ciwo. Abin da yake cutar da su shi ne iskar da ke bugunsu kai tsaye daga arewa maso gabas da kuma kwanciya a kan ƙasa mai laimar fitsari. A kafa zana ko dannin kara a wannan gefen, a bar sarari ta sama domin iska ta riƙa fita, a shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi a inda ƙanana suke kwana, a canza shi idan ya jiƙe.

Tarin da majinar ne ya fi damuna. Yana iya zama mura ce ta ƙura, amma idan ya haɗu da zazzaɓi, da kwantsa a ido, da gyambo a baki, da zawo, to alamun annobar tumaki da awaki ce da muke kira PPR, wadda take yawan ɓarkewa a irin wannan lokaci kuma take iya share garke. A ware masu tarin yau ɗin nan, a kira likitan dabbobi ya duba su, kada a tsaya sayen kafso a kasuwa. Akwai allurar rigakafinta da cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato take sarrafawa, wadda kariyarta take kai shekara 3, sai dai masu lafiya ake yi wa. Duk dabbar da aka sayo daga kasuwa a turke ta daban na mako 2 zuwa 3 kafin ta shiga cikin sauran. Kajin iyayenku ma suna bukatar rigakafin annobar kaji da ake kira Niyukasil, domin hunturu ne lokacin da take kwashe akurki sukutum.

Abu na ƙarshe shi ne leda. Dabbar da take yawo a bayan gari da yunwa tana haɗiyar ta, ta taru a tumbi, sai ka ga ciki ya kumbura amma jiki yana ƙarewa, kuma babu maganin da yake fitar da ita sai tiyata. Idan kuna son shuka abincin dabbobi irin su lablab a damina mai zuwa, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika tana kusa da ku, a je a nemi bayani.

Sabon Mai Kiwo, Dakace

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun ware awakin da ke tari, kuma za a kafa zanar gobe. Baba, wani maƙwabci ya nemi in sayar masa da takin da ya taru a turke. In ba shi?

Dattijon Basawa

Idan kuna da gona, kada ka sayar. Ka tara shi wuri guda nesa da inda suke kwana, ka haɗa da tokar murhu da tattakakken karan da suka bari, a bar shi ya ruɓe, sannan a fara kai shi gona a buhuna ko a amalanke tun daga Fabrairu, a jibge tsibi-tsibi, a baza idan an kusa huɗa. Gonar da ta sha wannan takin ita ce za ta ba ka karan da harawar baɗi. Idan maƙwabcin ya matsa, ka ce ya biya ka da damman harawar gyaɗa maimakon kuɗi, kuma a kawo su yanzu, kafin Maris.